Fitilar Rufi da Rediyon Tsohuwar Mota



Na san da yawanku a cikin mota kuke jin muryata. Wani cunkoso ya riƙe shi a Ƙofar Nasarawa, wani ya miƙi hanyar Zariya, wani kuma direban haya ne, ya kashe inji a tasha yana jiran mutum biyu su cike masa mota. Wanda motarsa ke tsaye, ina neman alfarma guda. Ɗaga kai ka dubi 'yar fitilar nan ta rufi. In an buɗe ƙofa tana kamawa, ko har ka manta rabonta da haske? Sannan ka kasa kunne ga lasifikar da maganata ke fitowa. Ta kowane gefe kake ji na, ko ta ƙofa ɗaya kawai, ita ma tana ziza kamar ƙudan zuma a gwangwani?

Tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka sanar da cire tallafin man fetur, aka biyo da sakin darajar naira a watan Yuni, motar Beljiyam ta fi ƙarfin mai albashi. Wanda a da yake sauya mota duk bayan shekara huɗu, yanzu addu'arsa Allah ya ja kwanan wadda ke hannunsa. Golf 3, wadda Volkswagen ta fara ƙerawa a 1991, har gobe ita ke jigilar mutane tsakanin garuruwanmu. Ga 406, ga Corolla ƙirar 2003 zuwa 2007, ga Honda da dillalai suka laƙaba wa sunaye iri-iri. Ga kuma uwa-uba Peugeot 504, Fijo dai da muka sani, wadda aka fara haɗawa a masana'antar Kaduna a 1975, jefi-jefi kana cin karo da ita a hanyar ƙauye da kaya har rufi. Muna zuba kuɗi a inji da taya da birki, kuma haka ya dace. Amma ciki, inda kai da iyalinka kuke zama, sai a bar shi cikin duhu da ƙara, alhali gyaransa bai kai kuɗin taya ɗaya ba.

Ra'ayina shi ne, yawancin aikin haske da sauti na cikin mota mai ita zai iya yi da hannunsa ranar Asabar, a inuwar ƙofar gidansa. Ba ina son raba rewaya da abincinsa ba ne, akwai aikin da dole sai shi, kuma zan faɗa in mun zo wurin. Dalilina ɗaya ne: mai mota ba ya sauri a kan motarsa. Babu wasu motoci biyar da ke jiransa a layi. Kuma a wannan sana'a, abin da ke hana mota ci da wuta yana can bayan dashbod, inda ido ba ya kaiwa, inda mai gaggawa ke yin aika-aika ya rufe.

Wutar mota bolt 12 ce, ba ta jan mutum, shi ya sa aka raina ta. Amma batirin da ke iya juya inji da sanyin asuba, ɗaruruwan amfiya yake saki a lokaci guda. In wayar da ta feɗe ta taɓa ƙarfen mota, duk wannan ƙarfi ta cikinta zai bi, kafin ka ƙirga biyar ta yi ja zur kamar garwashi, a wurin da babu komai sai roba da soso da ƙura.

Ni ganau ne. Shekarun baya na kai motata a sa mini sabon rediyo. Maigidan ba ya nan, yaronsa ya karɓi aikin. Ya ga soket ɗin mota bai shiga na rediyo ba, sai ya sa filaya ya datse shi, ya murɗa wayoyi da hannu, ya naɗe da baƙin salatif, ya jawo wuta kai tsaye daga batir. Rediyo ya kama, na biya, na tafi ina murna. Da bazara ta zo, zafi ya narkar da gam ɗin salatif ya warware. Muna kan hanya da iyali da yamma sai warin roba ya cika mota, hayaƙi ya fara fitowa ta ramin iska. Allah ya sa akwai sifana a ƙarƙashin kujera, na tsaya na cire kan batir. Da aka buɗe, wayar ta ƙone tun daga bayan rediyo har inda ta ratsa zuwa inji, kuma babu fiyus ko ɗaya a kanta. Daga ranar na ƙudura sai na san abin da ke bayan dashbod ɗin duk motar da zan sa 'ya'yana a ciki.

Don haka da fiyus zan fara, tun kafin ƙwai, tun kafin lasifika. Fiyus ɗan siririn ƙarfe ne da aka yi shi don ya mutu a madadin mota. Wuta ta wuce kima, ya tsinke, shi ke nan an tsira. Waya yake karewa, shi ya sa girmansa ke bin kaurin wayar da yake kai. A motocin da ke amfani da fiyus mai ƙafa biyu, launi ne ke faɗin ƙarfinsa: ja amfiya 10, shuɗi 15, ruwan ɗorawa 20, kore 30. Masu tsohuwar Marsandi, irin su Bi-but, su lura nasu dogo ne mai tsini biyu, kuma lissafinsa daban: fari 8, ja 16, shuɗi 25. Fiyus ya ƙone, ka mayar da irinsa. Ya sake ƙonewa, to magana yake yi maka, akwai wayar da ke taɓa ƙarfe a wani wuri, a nemo ta. Abin da muka saba gani kuwa, a cire ja a cusa kore, ko a naɗe mataccen da zaren waya ko takardar kwalin taba mai ƙyalli. Wanda ya yi haka ya kori mai gadi ne don ya dame shi da ihu, ya bar ɓarawo a cikin gida.

Kafin ka taɓa kowace waya, cire kan batir mai alamar ragi. Sifana mai lamba 10 ce ke kwance shi a yawancin motoci. Me ya sa shi za a fara cirewa? Domin gaba ɗaya ƙarfen mota da shi yake haɗe. In ka fara da mai alamar tarawa, sifana ta goga jikin mota, tartsatsin da za ka gani ba za ka manta da shi ba. Sai dai kafin ka cire, tabbatar ko rediyonka na asali mai lambar sirri ne. Na Honda da Volkswagen da Peugeot da yawa suna kulle kansu in wuta ta yanke, sai an danna musu lamba. Duba takardun mota ko cikin akwatin gaban fasinja, wani lokaci tana liƙe a wurin.

To, haske. Tsohon ƙwan fitilar rufi galibi wat 5 ne, kuma mafi yawan wutar da yake ci zafi take zama, shi ya sa murfinsa ke yin ja ya tsage da daɗewa. Ƙwan LED da zai maye gurbinsa wajen wat 1 yake ci, ya kuma fi shi haske. Ga lissafi mai sauƙi: ƙwan wat 5 yana jan kusan rabin amfiya. Yaro ya bar ƙofa ba ta rufu sosai ba, ƙwai uku suka kwana a kunne, da safe batirin da dama ya tsufa sai turi. Da LED, wannan asara ta ragu zuwa kashi ɗaya cikin biyar.

In za ka Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko kasuwar Katako a Yamai, tafi da tsohon ƙwan a aljihu. Mai kama da 'yar kwalba mai hula biyu tsawonsa ya bambanta, akwai milimita 31, akwai 36, akwai 41, kuma ido ba ya rabe su a kan tebur. Ɗayan kuma, wanda ake cusawa kamar haƙori, T10 ake ce masa. Kada ka yarda a ce maka ka ɗan buɗa ƙarfen zai shiga. Ka zo ka sa bai kama ba? Kada ka koma ka yi faɗa da mai shago. Cire shi ka juya kansa. LED ta hanya ɗaya kawai wuta ke bi ta cikinsa, kuma ƙwai masu lafiya da yawa sun tafi bola saboda rashin sanin wannan. Zaɓi wanda ke da ɗan ƙarfen alminiyam a bayansa mai kwashe zafi. Idan inji na aiki wutar mota tana kaiwa bolt 14, ga zafin ƙasarmu, shi ya sa ɗan arahan nan bayan wata biyu yake fara ƙifta ido. Araha ba ta ado.

Wani abin sha'awa: ɗigon ruwan ɗorawa da kake gani a fuskar ƙwan, a ƙarƙashinsa shuɗin haske ne, wannan shafen ne ke mayar da shi fari. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, su suka samar da shuɗin LED, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Fitilar cajin da ke ɗakin kowace uwar gida a yau daga aikinsu ta fito. Na kawo wannan ne don zancen launi. A kwali za ka ga an rubuta 6000K ko 3000K. Na farkon fari ne mai shuɗi-shuɗi irin na ɗakin tiyata, na biyun mai taushi ne kamar hasken yamma. Samari sun fi son na farko. Ni na fi son tsakanin 3000 da 4000, domin ba ya kashe ido in ka kunna shi da dare don neman canji, kuma ya fi dacewa da tsohuwar kujera.

Sau da yawa ma laifin ba na ƙwan ba ne. Akwai ɗan maɓalli a jikin ginshiƙin ƙofa, wanda ƙofa ke dannawa in an rufe. Ƙurar hunturu da tsatsa ke hana shi aiki. Kwance shi, goge da samfefa, mayar. Murfin fitilar kuma a wanke shi da ruwa da sabulu. Waɗannan biyun ko sisi ba su ci.

Daga nan sai but da akwatin gaba, sai kuma ƙasan kujeru. Ina goyon bayan ɗan haske a wajen ƙafa, wanda zai kama tare da fitilar rufi ya mutu tare da ita. Duk uwar da ta taɓa laluben takalmin yaro a duhu ta san amfaninsa, haka fasinjan da wayarsa ta zame. A sa masa ɗan ƙaramin fiyus nasa. Kada a dogara da gam ɗin da ke bayan zaren fitilar, watan Afrilu ɗaya ya ishe shi ya saki, a ɗaure shi da igiyar roba mai zugewa. A gefen direba kuma a nisanta shi da birki da totur, kada wata rana waya ta sauko ta harɗe ƙafa.

Inda na raba gari da 'yan zamani shi ne zaren fitila mai canza launi da ake zagaye dashbod da ƙofofi da shi, yana rawa da kiɗa. A gareji da rana abin gwanin kyau. Amma ka ɗauki hanyar Kano zuwa Maiduguri ƙarfe tara na dare. Idon ɗan Adam buɗewa yake a duhu don ya hango nesa, haske a kusa kuma tsuke shi yake. Ga hoton fitilun yana yawo a gilashin gaba. A hanyoyinmu kuwa me ke gaba? Tirelar da ta lalace babu alama sai 'yan ganyaye da aka zuba a kwalta, garken shanu, mai babur da ba shi da fitilar baya. Daƙiƙa biyu da za ka hango su da wuri ita ce tsakanin kaucewa da karo. Garin neman gira kada a rasa ido. Ja da shuɗi mai walƙiya kuwa na motocin jami'an tsaro da na asibiti ne, motar gida ba ta da hurumi a ciki.

Fitilun cikin agogon mota, masu haska allurar gudu da ta mai, su ma ana sauya su, amma a nan akwai tarko. A tsofaffin motoci irin 504 da Golf da Marsandi, ƙwan da ke nuna hoton batir yana da aiki na biyu: 'yar wutar da ke ratsa shi ita ke tayar da altaneta ta fara caji. Ka sa LED a gurbinsa, wutar ta yi kaɗan, sai ka ga batir yana mutuwa ana ta zargin altaneta. Wannan ƙwai ɗaya a bar shi yadda yake. In kuma ka buɗe agogon ka tarar ramin ƙwan gargaɗin inji ko na jakar iska wayam, to wani ne ya cire shi kafin ya sayar maka da motar. Mayar da ƙwai, ka ga abin da aka ɓoye maka.

Mu koma ga sauti, wanda shi ne ɓangarena, tunda ta nan nake shigowa motarku.

Mutum ya ji sauti ya lalace, sai ya nufi kasuwa sayen rediyo. Sau da yawa rediyon lafiyarsa ƙalau, lasifika ce ta gaji. Bakinta zagaye yake da soso ko roba mai laushi, shekara ashirin na zafi da ƙura sun mayar da shi gari. Gwaji ba wuya: juya sautin zuwa hagu, zuwa dama, gaba, baya, ka saurari kowace ita kaɗai. Wadda ke ziza da wadda ta yi shiru za su tona kansu. In kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi lasifikun ƙofofin gaba. Nan kunnenka yake.

Cire murfin ƙofa a hankali, maɓallan robar da ke riƙe da shi sun bushe, ƙarfi kaɗan sai su karye. Auna faɗin tsohuwar, galibi santimita 13 ko 16 da rabi, ka auna zurfinta kuma, domin sabuwa mai ƙaton maganaɗisu tana iya tare gilashi ya ƙi sauka. Lasifikar mota om 4 ce. Kada a ɗauko ta rediyon ɗaki a cusa, kada kuma a haɗa biyu a waya ɗaya don neman ƙara, rediyon zai yi zafi ya ƙone. Kowace lasifika tana da ƙafar tarawa da ta ragi. In aka juya ɗaya, ita tana turawa 'yar'uwarta tana ja, sai kaurin sautin ya ɓace, murya ta zama siririya. Ga dabarar gane ƙafa: ɗauki ƙaramin batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi, taɓa wa lasifikar da ke hannunka. In fuskarta ta turo waje, ƙafar da ke kan tarawar batir ita ce tarawa. Ledar da ka tarar liƙe a cikin ƙofa kuma ka mayar da ita, ita ke tare ruwan damina. Inda ƙarfe ke kaɗawa, guntun tsohon tib na taya ko soso ya isa ya kashe ƙarar.

Lambobin da ke jikin kwali kada su ruɗe ka. Rediyon da aka rubuta wa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa a tsaye ba tare da sauti ya fashe ba bai fi wajen 20 a kowace lasifika ba, kuma wannan ya wadatar da cikin mota. Lasifika mai nauyin faifan tuwo da aka buga wa wat 1000, wannan zancen talla ne.

In rediyonka na asali yana kama tasha da kyau, abin da ka rasa kawai hanyar sa karatu ko waƙa daga waya ko memori, ba sai ka cire shi ba. Akwai 'yar na'urar Bluetooth da ake cusawa a ramin kunna taba, ta aika sauti ga rediyon ta wata mitar FM da babu kowa a kai. Mai kaset ma akwai kaset na musamman da ke yin wannan aiki. Rediyon da kamfani ya sa wa mota sau da yawa ya fi na kasuwa kunne.

Amma akwai dalili na gaske da ke sa a sauya, kuma ya shafe mu ma'aikatan rediyo. Motocin da aka shigo da su daga Amurka, irin su Corolla da Camry da Accord, rediyonsu da tsarin can aka yi shi. A FM tsalle yake daga 88.1 zuwa 88.3 zuwa 88.5, don haka tashar da ke kan mita irin 96.2 ko 100.4 tsallake ta yake. A matsakaicin zango kuma goma-goma yake tafiya, mu kuwa a Afirka tara-tara muke. Rediyon Najeriya Kaduna da muka tashi muna kamawa a 594, rediyon Amurka sai dai ya tsaya a 590 ko 600, kusa da gida amma bai shiga ba. Tsohon rediyon da aka ciro daga motar Japan kuwa daga 76 yake farawa ya ƙare a 90, yawancin tashoshinmu suna sama da nan. Duk wanda zai sayi na hannu ya sa a jona masa a shago, ya zagaya mita da kansa. Haka manyan allunan nan masu Android da ake yayi: hoto tangaran, amma da yawansu kunnensu na kama tasha rauni gare shi, kana fita gari kaɗan sai shuuu. Gwada kafin ka biya.

Ramin rediyo ma'auni gare shi na duniya: faɗin milimita 180, tsayi 50, ko 100 ga mai hawa biyu. Wannan ba ya ba da wahala. Wayoyi ne wurin da ake kuskure, kuma roƙona ɗaya ne: kada a yanke soket ɗin mota. Akwai ɗan soket na tsakani da ake sayarwa, gefe ɗaya ya shiga na mota, ɗayan na rediyo. Nemansa na iya cin yini, amma ranar da za ka mayar da tsohon rediyo ko ka sayar da motar za ka gode wa kanka. A jikin sabon rediyo launuka sanannu ne. Ruwan ɗorawa wuta ce ta kullum, mai riƙe agogo da tashoshin da ka ajiye. Ja tana samun wuta ne in an murɗa makulli. Baƙa ta jikin ƙarfe ce. Farare da masu ruwan toka na lasifikun gaba, koraye da shunayya na baya, mai ratsin baƙi a kowane biyu ita ce ragi. Launukan da ke gefen mota kuwa kowane kamfani da nasa, kada ka haɗa ja da ja don sun yi kama, sa mita ko testa ka tabbatar. A Volkswagen da Opel da yawa gurbin ja da ruwan ɗorawa a juye yake. Alamarsa, kullum ka kashe mota rediyo ya manta tashoshinsa. Maganin shi ne a musanya su. Masu gaggawa sukan murɗe biyun wuri guda su ba su wutar kullum, sai rediyo ya kwana yana tsotsar batir.

Akwai kuma shuɗiyar waya da ake yawan bari tana lilo. Motoci da yawa eriyarsu tana da ɗan ƙaramin abin ƙara ƙarfi, musamman wadda ke cikin gilashin baya ko kan rufi, kuma ta wannan waya yake samun wuta. A bar ta, tashar da ke cikin gari ma sai ta riƙa hura iska, a ce rediyo ne ba shi da kyau.

Duk inda ka ga waya ko soket da aka naɗe da ruwan ɗorawa mai kauri a ƙarƙashin sitiyari ko kujera, ta jakar iska ce. Kada testa ta kusance ta, kada batirin tocila ya kusance ta. In kuwa dole sai ka haɗa waya da waya, a liƙe da dalma ko a matse da ɗan bututun haɗi, a rufe da robar nan da ke tsukewa in ta ji zafi. Murɗi da salatif na ga ƙarshensa da idona.

Allon da ke nuna fim yana da wata waya da aka yi don a haɗa da birkin hannu, yadda hoto ba zai fito ba sai mota na tsaye. Kusan kowa ɗaure ta yake a jikin ƙarfe don fim ya yi ta tafiya. Na sha shiga motar haya direba na satar kallon allo yana gudun ɗari da ashirin, da rai goma a bayansa. Ɗan'uwa, haɗa wayar nan inda aka ce.

Amfilifaya da babbar lasifikar but, nan ne nake cewa a nemi rewaya wanda ya san aikinsa, kai kuma ka tsaya a kansa. Mai wat 500 na gaskiya yana iya jan sama da amfiya 40, altanetar tsohuwar mota kuwa duka-duka abin da take bayarwa sau da yawa bai kai 100 ba, ga fitilu ga fanka ga na'urar sanyi. In ka ga fitilun gaba suna lumshewa tare da bugun ganga, motar ce ke cewa an ɗora mata abin da ya fi ƙarfinta. Ka tabbata an sa fiyus a kan babbar wayar, bai wuce kamu ɗaya daga batir ba. Inda za ta ratsa ƙarfe zuwa ciki a sa mata zoben roba. Ka kankare bakin wayar tun a shago: in cikinta fari ne, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, ba ta ɗaukar wuta kamar ta gaske. Kukan da ke tashi a lasifika yana bin totur kuwa, galibi wayar jikin ƙarfe ce aka ɗaura a kan fenti, a kankare wurin a ɗaure tam.

Ni dai ban sa ko ɗaya a motata ba. Masana lafiyar kunne sun sa iyakar desibel 85 na awa takwas, kuma duk ƙarin 3 yana raba lokacin biyu, a 100 minti goma sha biyar ne kacal. Jin da ƙara ta kashe ba ya dawowa. Direban da but ɗinsa ke girgiza ba ya jin hon, ba ya jin jiniya, ba ya jin sabon ƙaran da injinsa ya fara. Ga maƙwabci mai jinya, ga masallacin da ake wucewa ana salla.

In ka gama, mayar da kan batir, ka bi komai ɗaya bayan ɗaya, har sigina da abin share gilashi, ko ka ture wani soket ba ka sani ba. Bar rediyo da fitilu a kunne minti goma, ka shafa wayoyin da ka taɓa, kada ka ji ɗumi. Kashe, rufe, bar ta ta kwana. In da safe ta tashi bugu ɗaya, aiki ya yi. Jefa fiyus biyu-uku na kowane launi a akwatin gaba, ka duba tukunyar kashe gobara ko da sauran rai.

Motar da na ba ku labari tana nan a hannuna. Na sake mata wayoyin bayan rediyo ɗaya bayan ɗaya, Asabar uku aikin ya ci. Da ƙaramar sallar da ta wuce na ɗauko mahaifiyata daga ƙauye bayan magariba, na sa mata tafsiri daga memori a hankali. Jinta ya ragu, amma daga kujerar baya take gyara wa jikokinta abin da malam ya ce. Da muka iso ta buɗe ƙofa, hasken ƙasa ya kama, ta ga carbinta da ya faɗi ta ɗauka da kanta.